Shekarar da Aka Sa wa Motar Babanku Na'ura

Saratu, kai wayar nan taki ɗakin can, ki ja ƙofa, sannan ki dawo ki zauna. Na ji kin ce ita ma tana ɗaukar magana, har ta fi biro sauri. Ban yarda ba. Takarda nake so, wadda za a riƙe a hannu a karanta wa ƙanenki Kabiru, a kuma karanta wa mutanen tasha. Ni ban yi karatun da zan rubuta ba, ke kika yi, saboda haka baki nawa, hannu naki. Abin da na faɗa shi za ki sa, ko da ya yi miki ɗaci. In kin ga ina kuka kada ki ajiye biro ki tsaya lallashina. Shekara bakwai ke nan ina yin sa, ya saba da ni na saba da shi. Jiya mun tsaya a kan ƙaurarmu zuwa Tsafe. Yau zan tsallake abubuwa da yawa in kai ki shekarar da babanku ya fita bai dawo ba, domin abin da kuka sani a kanta ba daidai ba ne, kuma ni na bar ku a haka.

Babanku, Allah ya jiƙansa, tun da ya samu motarsa ta kansa bai ƙara tuƙa ta wani ba. Kin san ta, farar a-kori-kura mai shan gas, wadda ƙofar direbanta sai an ɗaga kafin ta rufu. Da ita yake bin kasuwanni, yau Mada, gobe Wanke, jibi Kucheri, ya kwaso masara da dawa da waken suya da masu kayan ya kai Gusau. Ni ina cikin gida na san muryarta. Tun tana kwanar injin niƙa nake ɗora ruwan wanka, kuma ban taɓa ruɗa ta da motar wani ba. Shi kuwa ya san cikinta fiye da yadda ya san nasa. Sai ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya faɗa maka abin da ke damunta. Allurar da ke nuna zafin inji ta mutu tun kina goye, bai taɓa gyara ta ba. In an yi masa magana sai ya ce shi ne allurar. To amma girma ya zo, kunnen ya fara nauyi, hancin ma ya daina jin ƙauri da wuri. Bai yarda ba. Sau biyu a damina ɗaya inji ya ɗau zafi har ruwan lagireto ya tafasa, na biyun ma sai da fasinjojin baya suka dinga dukan rufin mota kafin ya san hayaƙi na tashi.

Yanzu sai in yi maganar yayanku. Kin san ban taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, Ɗan Bungudu nake ce masa, don ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi can ta raine shi. Haka muka taso muka tarar. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, ban taɓa yi masa tambaya baki da baki ba. In ina da magana sai in faɗa wa bango ko in faɗa miki, shi yana tsaye yana ji. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. In ya juya baya ina bin sa da kallo har ya fita zaure. Ya koyi aikin wayar mota a wani gareji a Gusau, har ya zama shi ake kira in abu ya gagara. Shi ne da ya ji labarin tafasar nan ta biyu ya zo ranar wata Asabar da wani abu a aljihu. Baƙi ne, bai wuce sabulun wanka girma ba, da gilashi a fuska mai nuna jajayen lambobi, da wasu 'yan ramuka a gefe kamar na rariya. Ya ja waya ɗaya ya ɗaure a kan inji, ɗaya ya kai batir, ya manna abin kusa da sitiyari. Ina bayan katanga ina tankaɗe, ina jin su.

"Wannan kuma mi ne ne, rediyo ka kawo min?"

"Mai gadin inji ce, Baba. Ba sai ka karanta lambobin ba. In zafi ya wuce ƙa'ida za ta yi kuka. Da ka ji kukan ka tsaya ka kashe mota, shi ke nan."

"Ni da na shekara talatin ina jin numfashin motar nan, yau akwatin ashana zai koya min?"

"Gaskiya ne, Baba. Sai dai ɗazu sau uku ina maka sallama a zaure."

Babanku ya fashe da dariya, ya ce masa ɗan banza, ya gama aikinsa. Suka aiko aka karɓi tafasasshen ruwa a kofi don a gwada. Ina madafi na ji ta tsala ihu, siririn ihu mai shiga ƙwaƙwalwa, har kajina suka watse. Ki rubuta wannan da kyau: na ji kukan, amma ban ga ta inda yake fita ba.

Ke kin san yadda shekarun nan suka kasance, amma waɗanda za su karanta bayanmu ba lallai su sani ba. Mutanen daji, masu satar mutane don kuɗin fansa, sun hana hanya lafiya, kuma kowa ya yarda ba su tare mota sai an faɗa musu. Wanda ke faɗa musu shi ake kira infoma, kuma ba wanda ya san fuskarsa. Saboda haka aka daina faɗin tafiya. Direba ba ya gaya wa matarsa kasuwar da za shi. Fasinja ba ya tambayar lokacin tashi, sai dai ya zo ya zauna. Wani lokaci sai an tada mota sannan direba ya zaɓi hanya. In mutum ya ɗinka sabuwar riga sai a kalle shi, in ya fita bayan gari amsa waya sai a kalle shi, in an tare ayari aka bar motarsa ta wuce, to ya shiga uku. Har gaisuwa ta canza, aka daina cewa ina zuwa. A irin wannan lokaci ne aka wayi gari motar babanku na da wani abu mai jan ido yana ƙyaftawa a gaban kowa.

Hajiya Kulu ce ta fara kawo min maganar. Kin tuna ta, mai awon hatsi, wadda kujerar gaba ta zama kamar gadonta a motar. Ta shigo da hantsi, ta ƙi zama a tsakar gida, sai da muka shiga ɗaki ta saki labule.

"Uwar Saratu, abin nan da aka liƙa wa motar Baba Direba, kin san ko mi ne ne?"

"An ce na zafin inji ne."

"An ce. Wa ya ce?"

"Wanda ya sa shi."

"Shi ya ƙera shi? Ba saya ya yi ba? A hannun wa? Garejin Gusau kowa da kowa ke shiga, har masu kawo baburan da ba a tambayar inda suka fito. Ni fa ban ce ɗanki ba ne, kada ki ɗauke ni da wata manufa. Amma abin da ya san zafin ƙarfe, kina ganin zai kasa sanin maganar mutum? Jiya a motar ba wanda ya yi tari har muka shiga Gusau."

Ta tafi ta bar ni da shi. Kafin mako ya zagayo fasinja sun fara ja da baya, mata su zo su leƙa su ce sun yi mantuwa a gida. Shugaban tasha ya kira babanku gefe ya ce ba don komai ba, amma hankalin jama'a ya ƙi kwanciya. Babanku ba mai son hayaniya ba ne, kuma ba ya son ya kunyata ɗansa. Sai ya raba gardama. Ya ɓamɓare abin daga inda kowa ke gani, ya tura shi can ƙarƙashin sitiyari, ya ɗaure da robar taya, fuskar tana kallon ciki. Ya ce da ma shi ba lambobin yake karantawa ba, kukan yake jira. Mutanen tasha suka ɗauka an cire. Hajiya Kulu kaɗai ta san yana nan, don ƙafarta na kusa da shi, ta ci gaba da shiga saboda ba motar da ke ɗaukar mata kaya kamar tasa.

Hankalin tasha ya kwanta, nawa ya tashi. Abin da ake gani ma ana tsoronsa, balle wanda ya koma cikin duhu yana saurare. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba: na zargi ɗana. Ba kullum ba, amma na zarge shi. Wata rana ina cewa yaudararsa aka yi, aka ba shi abu bai san cikinsa ba. Wata rana sai Shaiɗan ya ce min, to ke mi kika sani game da shi, yaron da bai tashi a gabanki ba, wanda ba ki taɓa zama kun yi hira ba? Ya zo ya bar rigarsa a wanke masa, na lalube aljihunta kamar ɓarauniya. Ban samu komai ba sai baƙin salatif da guntun waya da goro biyu a ƙunshe a leda, kuma na san goron nawa ne, don ta hannunki yake aiko min. Na mayar na zauna ina jin kunyar kaina, amma kunyar ba ta kashe zargin ba. Da na kasa haƙuri na tari babanku yana cin tuwo.

"Malam, abin nan na mota, ka tabbata ba ya ji?"

"Wa?"

"Abin da aka sa maka. Na ce ba ya jin magana?"

"Ni ma da ke da kunne biyu ban ji ki ba sai da kika maimaita. Ki tambayi mai shi mana, jibi zai zo."

"Ka san ba zan iya ba."

"To ki bar wa Allah."

Za ki ce mi ya hana in aike ki ki tambaye shi, tunda ke ce bakina a wajensa. Na yi tunanin haka. Amma mi zan ce miki? Je ki tambayi yayanki ko abin da ya sa wa ubansa na kai rahoto daji? A shekarar nan tambaya kaɗai ta isa ta kashe mutum. In ta fita daga bakina ta shiga kunnenki, gobe ta kuɓuce miki a gidan mijinki, jibi a ce ai uwarsa ma ta faɗa. Sai na ga gara in yi maganin abin ni kaɗai, ba wanda ya ji, ba wanda ya ji ciwo.

Ranar wata Juma'a ce, bayan an fara yankan dawa. Maza duk sun tafi masallaci, unguwa ta yi tsit, mota na ƙofar gida, makulli na rataye a ƙusar da ke bayan ƙyaure. Ina da curin kakin zuma da kakarku ta Bungudu ke aiko min daga amyoyinsu, da shi nake liƙe tulu in ya tsage. Na gutsuro, na ɗumama shi a gefen murhu har ya yi laushi, na yafa mayafi na fita. Tun da aka sayi motar ban taɓa buɗe ƙofar direba ba sai ranar. Na durƙusa na zura hannu ina lalube har na taɓo shi. Da na so da na tsinke wayar, ba wuya. Amma ban so in raba babanku da mai gadinsa ba, na san kunnensa. Sai na yi dabara irin tawa. Na sha ganinki kina kara 'yan ramukan waya a bakinki kina magana, na san ta rami irin wannan ƙarfe ke ji. Ga ramuka a gefen wannan ma, ina jin su a yatsana. Na ce to ga kunnen. In toshe mata kunne in bar mata baki, ta yi kukan zafinta in ya zo, amma kada ta ƙara jin inda mijina za shi. Na danna kakin nan rami bayan rami, na shafe da babban yatsa, na ƙara wani a kai don ya kama. Na rufe mota, na mayar da makulli, na wanke hannu. Wallahi, Saratu, har daɗi na ji. Mako uku ina barci kamar jaririya, ina ganin na fi duk mutanen tasha wayo.

Ranar da zai fita ta ƙarshe bai faɗa min inda za shi ba, ni ma ban tambaya ba. Ya sha kokonsa, ya ce ya yi tsami, ya shanye duk da haka. Ya ce sai ya dawo. La'asar ta yi na ɗora ruwa, don in Wanke ya je lokacin dawowarsa ke nan. Ruwa ya tafasa, na ƙara, ya sake tafasa. Motoci uku suka yi kwanar injin niƙa, ba tasa. Kafin magariba wani mai babur ya yi sallama, da na ji yadda ya yi sallamar na zauna a ƙasa. Motar ta mutu a hanyar burji, daidai inda daji ya matso hanya, inda ko fitsari direba ba ya tsayawa yi. Suna tsaye a kanta mutanen daji suka fito. Na baya suka watse cikin dawa, Allah ya tsirar da su. Aka tafi da babanku da Hajiya Kulu da wani dattijo. Bayan kwana biyu aka janyo motar aka ajiye a ƙofar gida, aka lulluɓe da tamfol. Bakanike ya ce tiyon lagireto ne ya tsage, ruwa ya tsiyaye a hankali, inji ya yi ta cin wuta har ya buga. Yayanku bai ko kalli motar ba a lokacin, yana ta zirga-zirga tsakanin Gusau da Tsafe yana neman yadda za a fito da ubansa, har ya rame ya yi baƙi.

Sai bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki Hajiya Kulu da dattijon suka dawo. Babanku bai dawo ba. Ƙafarsa ta kumbura, ba maganin da ya saba sha a tare da shi, ya cika tun a mako na biyu. Waɗanda ke tsare tare da shi suka yi masa sallah suka rufe shi a gindin wata bishiya da ba wanda zai iya nuna min. Ba ni da kabarin da zan ce ga mijina. Bar ni, na ce kada ki tsaya. Rubuta.

Ranar da Hajiya Kulu ta zo yi min gaisuwa gidan cike yake da mata, maza na zaure suna jiyowa. Ta rame har ban gane ta ba. Ba wanda ya tambaye ta, ita ta fara.

"Ni dai na faɗa tun farko. Tun da muka baro Wanke abin nan ke magana. A hankali, can ƙasa, kamar ɗan tsako a cikin kwando. Da kunnena na ji, ba a ba ni labari ba. Bai fasa ba har motar ta tsaya inda ake jiran ta. Kiran su yake yi."

Wata ta ce, "Hajiya, ba ki gaya wa Baba Direba ba?"

"In gaya wa wa? A gaban abin? Ai bakina na kama, ina ta salati a zuci. Shi kuwa bawan Allah bai ji komai ba. Da ya buɗe bonet hayaƙi ya turnuƙe shi, sai ya dawo ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin sitiyari, yana cewa, amma ba ta yi kuka ba, yaron ya ce za ta yi kuka. Har a daji yana maimaitawa."

Kafin a yi la'asar maganar ta gama Tsafe. Abin da aka ce an cire ashe ba a cire ba, ya yi kira, motar ta tsaya daidai wurin. Wa ya sa shi? Ba sai an faɗa ba. Aka aiko cewa gobe da hantsi shugaban tasha da 'yan sa-kai na son ganin yayanku. Ke ma kin san waɗanda aka yi wa irin wannan kiran, nawa ne suka dawo da ƙafarsu.

Da mata suka watse yin sallah, ina zaune a ɗakin takaba ni kaɗai, sai na ji sallamarsa a bakin ƙofa. Bai taɓa wuce labulena ba tun da ya girma. Ranar ya ɗaga ya shigo, ya durƙusa, ya ajiye abin a kan tabarma tsakanina da shi. Ashe ya shiga ƙarƙashin tamfol ya kwanto shi daga motar. Ya ɗauki tsinken ashana ya ƙwaƙule rami ɗaya, ya kai hancinsa.

"Kakin Bungudu ne," ya ce.

Na juya fuskata bango, yadda na saba.

"Inna, nan ne bakinta. Ba ta da kunne. Ba ta jin komai sai zafi."

Ina jin numfashinsa. Ya daɗe a durƙushe, ni kuma ina jira ya zage ni, ko ya yi kuka, ko ya tambaye ni dalili. Da ya tambaya wataƙila da bakina ya buɗe. Bai tambaya ba.

"In na kai musu wannan gobe, na fita. Amma za su ce wa ke da makulli. Ba za su ce kuskure ba ne, Inna. Za su ce an toshe ta ne don motar ta mutu a can. Ki ɓoye ta inda ba mai gani. In an tambaya, na tafi da ita."

Ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai ya ce in yafe masa. Ni, in yafe masa. Da aka idar da sallar asuba ya bi wata babbar mota ta kudu, ya bar garejinsa da kayan aikinsa, daga baya matarsa ta bi shi. Gudun nan shi ya zama shaida. Kabiru ya rantse a gaban mutane ba shi da wa. Ke kika cire hotonsa daga bangon zaure, kika daina ɗaga wayarsa, kika ce kada a ƙara ambatonsa a gabanki. Ina zaune ina kallonku. Har kuka riƙa tausaya min kuna cewa Inna ta haɗiye baƙin cikin abin da ɗanta ya yi mata. Na bar ku kuna faɗa. Na gaya wa kaina kunyar ɗan fari ce ta hana ni kare shi a bainar jama'a. Ƙarya ne. Kunya ta hana ni tambayarsa tun farko, wannan gaskiya ne, kuma ita ta ja komai. Amma shirun shekara bakwai ba kunya ba ce. Tsoro ne. Na ji tsoron 'yan sa-kai, na fi jin tsoron idonku.

Duk sallah wani direba na ajiye min ƙunshin goro da sabulu ya ce wani ne ya ba shi a hanya. Ban taɓa tambayar wane ne ba, kun ɗauka abokan babanku ne. An ce yayanku yana da 'ya'ya uku yanzu, ta tsakiyar sunana gare ta. Watan jiya da gwaggonku ta Bungudu ta rasu, ya zo jana'iza. Ba ku sani ba, ni an gaya min. Ya tsaya can bayan sahu da rawani rufe da fuska, aka yi sallah, ya juya. Ya iso Gusau ya tsaya a tashar motocin Tsafe har rana ta karkata, bai shiga ba. Tun da na ji haka abinci ya daina wuce min. Ga ƙirjin nan kullum ƙara nauyi yake. In na mutu da maganar nan a bakina, shi da 'ya'yansa sun mutu da sunan infoma, ba mai wanke su.

Ɗago kanki, Saratu. Kada ki kalle ni haka, ko kuma ki kalle ni, na cancanta. Tashi ki jawo kwallayen da ke ƙarƙashin gado, ta ukun daga sama, cikin tsumman atamfa. Ita ce. Shinshina ki ji, har yanzu da saura. Rami ɗaya ne a buɗe, wanda ya ƙwaƙule, sauran aikin hannuna ne. Kada ki ba Kabiru ita kafin gobe, na san shi, zai jefa ta rijiya ya ce yana kare ni. Kada kuma ki kai wa shugaban tasha shi kaɗai a ofis, maganar da aka yi wa mutum ɗaya ana iya juya ta. Da hantsi za mu je tasha, lokacin da aka fi cika, ki riƙe ni in taka da ƙafata. A kira Hajiya Kulu, a kira bakanike ya haɗa ta da batir a gaban kowa, a kawo ruwan zafi. Su ji ɗan tsakon da ta ji. Sannan in ƙwaƙule sauran da hannuna su ji yadda take kuka. Abin da za su yi da ni bayan nan, su yi.

Saura layi ɗaya. Kada ki rubuta Ɗan Bungudu a nan, kuma kada ki riga ni, da bakina zan faɗa. Bashiru. Rubuta shi da manyan baƙaƙe. Bashiru ɗana bai sayar da ubansa ba, kare shi ya yi, ni na toshe.

To, je ki ɗauko wayar. Na san ba ki goge lambarsa ba, na taɓa ganin kina kallonta. In ya ɗauka kada ki ce komai. Ki nuna min ramin da ake magana a ciki, ki duba da kyau ki tabbata shi ne, sannan ki miƙo min.